Kunun ayar da ya kunyata ni, da sauran kurakuran masu haɗa ƙaramin biki a gida

Makon jiya wata ƙanwar ƙawata ta kira ni in duba mata shirin walimar saukar 'yarta. Ina shiga tsakar gida na tarar da balan-balan an hure su tun daren jiya, an tara su a rana, rabi sun fashe. Aya na jiƙe a baho, saura kwana biyu taro. Ita kuwa tana zaune da waya a hannu tana nuna min wani hoto da ta gani a Instagram, wai "Anti, haka nake so wurin ya fito." Na ce nawa kika ware? Ta faɗa. Kuɗin ko labulen cikin hoton ba zai saya ba.

Shekara 9 ke nan ina haɗa irin waɗannan ƙananan taruka a gida, suna, walima, cikar shekarar yara, kamun ƙannena biyu. Ba sana'ata ba ce, dangi ne suka mai da ni haka. Kuma na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta, wadda ta sake kirana in tura mata in huta.

An ce araha ba ta ado. Ni dai na sha ganin ta yi. Abin da ba ya ado shi ne kwaikwayon bikin masu kuɗi da aljihun talaka. Nan kusan kowa ke fara tuntuɓe: a zaɓi salon biki daga waya, sannan a dawo ana neman kuɗin da zai ɗauke shi. Ni ta baya nake farawa. Sai na shiga ɗakin ajiya, na leƙa gidan mahaifiyata da na maƙwabta, na ga abin da ke ƙasa, sannan in sa wa bikin suna. In akwai faifai da ƙore da tabarmi da ludayin duma, salon gargajiya ya samu, abin da ya rage ki cike da 'yan kaɗan daga Kasuwar Kurmi. In darduma ce da filalla da kaskon turaren wuta da butar shayi, ga zaman Larabawa nan, dabino da shayi sun gama miki rabin hidima. In na yara ne, kala biyu kawai ki ɗauka ki tsaya a kansu. Kala biyu na ce. Da zarar kin kai huɗu, wurin ya koma kamar shagon mai kayan roba.

Ga 'yan Kano, a tuna cewa a 2025 hukumar tace fina-finai ta jiha ta sanar da hana bikin ranar ƙauyawa, wato shagalin da ake yi lokacin aure ana shigar mutanen ƙauye. Faifan da kika jera a bangon tsakar gidanki daban, wancan shagalin daban, kada ki haɗa su ki ja wa kanki magana.

Yanzu bari in zo kan abin da har yau in na tuna shi sai na ji cikina ya juya.

Walimar saukar ɗana na fari ce, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Na ce ni ba zan sayi lemon kwalba ba, kunun aya zan yi, ya fi araha ya fi daraja. Na jiƙa aya, na tsince tsakuwa, na haɗa da dabino da kwakwa da citta da kanumfari, aka kai markaɗe da yamma. Na tace, na ɗura a robobi 120, na jera a firji biyu, nawa da na maƙwabciyata, na kwanta ina jin kaina gwana. Wajen sha biyun dare aka ɗauke wuta. Ba ta dawo ba har gari ya waye, har azahar. Na buɗe firji na ga robobin sun kumbura kamar cikin ƙwaɗo. Na murɗe murfin guda ɗaya ta yi tsartuwa har fuskata. Tsami, yauƙi, wari. Duka 120 ɗin a kwata suka ƙare, ina zubarwa ina hawaye, ga baƙi sun fara sallama. Uwar mijina ta leƙo ta ga abin da ake ciki, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ai aya ba ta kwana, 'yar nan." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ƙarshe lemon kwalbar da na guje shi aka aika aka sayo, bashi, a farashin da mai shago ya ga dama. Na biya kuɗin abin sha sau biyu a rana ɗaya.

To ki saurare ni da kyau. Kunun aya ba ya jiran kowa. Awanni kaɗan a zafi sun ishe shi ya juya, in da kwakwa a ciki ma ya fi saurin lalacewa. Duk wadda ta ce miki "ki yi tun dare ki sa a firji", tambaye ta ko ita za ta ba ki wutar. Ko kina da janareta, lissafa man da zai sha daga dare zuwa la'asar, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan lissafin ya daina zama wasa. Abin da nake yi yanzu: in jiƙa ayar da dare, da asuba a kai markaɗe, in tace, daga rariya sai roba, daga roba sai cikin kula mai ƙanƙara. Ƙanƙarar kuma tun jiya na biya kuɗinta, domin lokacin zafi in kika bari sai ranar, sai ki zaga unguwa uku ba ki samu ba. Kuma ki sa a wanke injin markaɗen a gabanki, ko a gaban wanda kika aika. Na taɓa shan kunun aya mai ɗanɗanon attaruhu a gidan suna, kowa ya kurɓa sai ya ajiye a ƙarƙashin kujera.

In taron ya wuce mutum 50, gaskiya ni ba na ma yin sa. Zoɓo nake yi. Shi yana da haƙuri: ki dafa da citta da kanumfari tun jiya, ki tace, ki bar shi haka ba sukari ba abarba, sai da safe ki haɗa. Masu zuba sukari tun dare su ne ke wayar gari da zoɓo mai kumfa. Illarsa ɗaya, tabo. In yara za su sa fararen kaya, kamar 'yan sauka, ki yi musu lemon citta ko na tsamiya.

Kayan ƙwalama kuwa, kuskuren shi ne son a yi komai. Samosa, fanke, cincin, dublan, alkaki, kek, duk mace ɗaya, duk a daren jajiberi. Ki raba su gida biyu a ranki: masu jira da marasa jira. Cincin, gireba, kantu, gullisuwa, tuwon madara, dublan, duk za ki iya gamawa da kwanaki. Fanke da samosa na ranar ne, kuma su ke cinye mai da lokaci. Ni uku nake ɗauka daga masu jira, ɗaya tak daga na ranar. Cincin kada ki rufe shi da ɗumi, zai yi gumi ya yi laushi, ki baza a faranti ya huce sarai. Ruwan sukarin dublan ki matsa masa lemon tsami, in ba haka ba ya daskare ya yi fari a jiki. Gugguru ya fi komai cika leda da kuɗi kaɗan, amma in ya sha iska ya zama roba, a ƙulle shi da zarar ya huce. Kuma ranar biki ba ranar koyon alkaki ba ce. In ba ki taɓa yi ba, ki kai wa tsohuwar da ta iya alkamarki da sukarinki, ki ba ta ladanta.

Sai babban abu na biyu, wanda a kansa nake faɗa da mutane har su ce na cika tsanani: lissafin baƙi.

Haba 'yar'uwa! A garin nan kika tashi, kin san yadda muke. Kin gayyaci mata 30 sai ki yi abin mutum 30? Wace ce za ta zo ita kaɗai? Wannan da goyo da 'yan biyu a hannu, waccan da ƙanwar miji, wata da maƙwabciyarta da suka haɗu a bakin titi. Ga yaran unguwa da ke jin ƙamshin suya tun safe, ga almajiran da ke miki aike, waɗanda in kika hana su ranar ba ki kyauta ba. Bikin farar kaza, balbela ba gayya. Kada ki tsaya zagin 'yan gayyar soɗi, ke ma kin taɓa raka wata.

A kamun ƙanwata na koyi wannan. Na ga yadda ake jera kayan ciye-ciye a tebur a hotuna, kowa ya ɗiba da kansa, na ce mu ma haka za mu yi, wayewa. Na jera komai, tire bayan tire. Kafin dangin ango su iso, tebur ya zama fili. Ba na zargin kowa, jakunkuna dai sun shigo a lafe sun fita da ciki. Dangin ango suka zauna muna kallon juna, sai ruwan leda muka miƙa musu. Maganar ta yi shekara tana dawowa kunnen ƙanwata a gidan mijinta, duk ranar da aka ɗan saɓa sai an tuna mata. Ita ta biya kuɗin wayewata.

Tun daga nan ga ƙa'idata, wadda ta ga dama ta ce rowa ce. Adadin da na gayyata sai in ninka biyu. Komai a ƙulle yake a leda tun kafin kowa ya zo, kowace leda da abu iri ɗaya, yawa ɗaya, don kada a ce an fifita wata. Kafin a buɗe ƙofa na fitar da kason surukai, na maƙwabtan da ba za su samu zuwa ba, da na maza a waje, na kulle a ɗaki, makulli a ƙuguna. Teburin ado ina yin sa, amma ɗan kaɗan nake ɗorawa don hoto. Rabo kuma ba ni ke yi ba, ba kuma yarinya mai kunya ba. Gwaggona nake ɗorawa, wadda in ta ce "an ba ki" ko Hajiyar gidan sama ce sai ta janye hannu. Kowane dangi da irin wannan gwaggon, ki nemo taku ki saya mata goro.

Kuma don Allah a daina ɗora wa mutane anko a taron tsakar gida. Kin ce kina tattali, sai ki tura wa mata 30 su je Kantin Kwari su yanki atamfa su biya ɗinki saboda walimar awa biyu? Ki faɗi kala kawai, kowa ta duba akwatinta.

Kwalliyar wuri ba ta da wahala in ba ki rarraba ƙarfinki ba. Bango ɗaya za ki yi wa ado, inda za a tsaya hoto, sauran gidan shara da turaren wuta sun wadatar. Masu bin kowane lungu da balan-balan biyu-biyu kuɗinsu ke ƙarewa wurin bai nuna ba. Zanin gado mai kala ɗaya, a goge, ya isa labulen baya. Telan unguwarku na zubar da guntayen atamfa kullum, ki roƙa, ki yanka su kusurwa uku-uku ki jera a igiya, sun fi na takarda kyau kuma ki wanke ki ajiye don wani taron. Balan-balan ranar ake hurawa, a inuwa, kuma kada a cika su tam, zafi na ƙara kumbura su. Salatif ba ya kama bango mai ƙura, in ya kama kuma da fenti yake tafiya, mai gidan haya ba zai yafe miki ba. Igiya da ƙusa biyu sun fi. Kyandir ko fitilar aci-bal-bal kusa da tabarma da yara da mayafai, wannan ko a hoto ban yarda ba.

Kayan aro ki rubuta su a takarda, na wa ne, guda nawa. Ƙwaryar kakar wata in ta fashe, ba kuɗi ne za su gyara ba.

Ki duba kalanda ma. Adon takarda a tsakar gida cikin Agusta sadaka ce ga ruwan sama, hadari ɗaya ya gama da aikin kwana uku. Cikin hunturu kuma in kika jera tun safe, kafin la'asar ƙura ta yi wa komai hoda, har cincin ɗin, sai ki lulluɓe da mayafi har baƙi su fara shigowa.

Lokaci kuwa, in kin ce ƙarfe 4, kin san sai 5 za a cika, magariba kuma ta watsa taro. Awa ɗaya da 'yan mintuna gare ki. Kada ki ɓata ta wajen jiran wata babbar baƙuwa, a fara rabo da an yi addu'a.

Ita ƙanwar ƙawar tawa, ayar da ta jiƙa saura kwana biyu sai muka markaɗa a ranar, yaran gida da maƙwabta suka sha. Na aika aka sayo zoɓo kwano ɗaya. Hoton Instagram ɗin kuma na ce ta goge, ta ɗauko min zanin gadonta shuɗi da dutsen guga.