Abin da ke sa bindigar ɗan sanda ta cije a ƙasar habub

Yaranmu na Gadarif da Mai Wurno a Sudan da ke shiga aikin ɗan sanda sun fi damuwa da sanin ƙirar wace ƙasa ce ƙaramar bindigar da aka ba su. Alhali yawanci idan ta cije, wajen mai rataye da ita matsalar take.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne labta mata mai. Mutum gani yake gata ya yi mata. Habub, wato guguwar ƙura, na tasowa, ƙura ta bi kube ta shige, ta haɗu da man ta zama laka, sai ƙarfen saman bindigar, mai ja da baya idan an harba, ya kasa komawa mazauninsa bayan harbin farko. Ɗigo kaɗan ya isa a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, sauran a share da tsumma. Ramin allurar da ke bugun harsashi kuwa a bar shi a bushe. Duk ranar da aka yi habub a kwance ta a goge, bayan an cire harsashi an leƙa ciki da ido.

Gidan harsashi ne aka fi mantawa da shi, kuma abin yana damuna. Sojojin Amurka sun karɓi ƙaramar bindiga ƙirar Beretta M9 a 1985, amma a Iraƙi ta yi ta cije musu saboda wasu gidajen harsashi masu kaushin ciki da ke riƙe yashi. Ka riƙa zazzage naka kana goge cikinsa, ba mai. Wanda bakinsa ya lanƙwashe, mayar da shi ma'ajiyar makamai.

Akwai kuma masu ɗana harsashi ɗaya kullum da safe, su cire shi da yamma, wata da watanni. Kansa yakan nutse cikin kwanso, kuma harba irinsa haɗari ne. A ware shi, a canza.

Wanda aka tura Bur Sudan, gumi da danshin teku za su sa mata tsatsa, sai ya riƙa shafe bayanta kullum. Riƙon sakaka ma na hana kwanso fita, a dafe da hannu biyu a ƙarfafa wuyan hannu.

Wani lokacin laifin na kamfani ne. A 2017 kamfanin SIG Sauer ya yi wa bindigarsa P320 gyara bayan an gano tana iya tashi idan ta faɗi ƙasa. Don haka idan taka ta cije bayan ka kula da ita, ka kai rahoto wajen jami'in makamai a rubuta, kada ka ɗauki zarto ka ce za ka gyara da kanka.