Yadda Ake Juya Ma'aunin Tsawon Zango Idan Igiyar Ta Yi Tsawo Sosai

Tsawon zango shi ne tazarar da ke tsakanin ƙololuwar igiya ɗaya, kamar ta rediyo ko ta sauti, da ƙololuwar mai bi mata, kuma da mita ake auna shi tun asali. Muddin ana maganar gajeren zango, kamar mita 25 ko mita 31 da masu sauraron rediyo suka saba ji, babu wata wahala. Amma da zarar an gangara zuwa igiyoyi masu dogon zango, sai sifilai su yi ta taruwa har ido ya kasa ƙirga su, dole a koma ga manyan ma'aunai.

Matakan hawa uku ne, kowanne ya ninka na ƙasa da shi sau 1,000. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, megamita ɗaya kilomita 1,000 ce, wato mita miliyan ɗaya, sannan gigamita ɗaya megamita 1,000 ce, wato mita biliyan ɗaya. Idan za a hau mataki ɗaya, sai a raba da 1,000, ma'ana a matsar da ɗigo gida uku zuwa hagu. Idan kuma sauka za a yi, sai a ninka, ɗigon ya koma dama. Shawarata ita ce kada a tsallake mataki, ko da kuwa ana ganin abin mai sauƙi ne, domin a wurin tsallakawar ne sifili ɗaya kan salwanta ba a sani ba.

Sau da yawa ba tsawon zangon ake ba mutum ba, sai dai yawan karkarwar igiyar a sakan ɗaya, wanda ake aunawa da haz. A nan sai a raba gudun haske, wanda shi ne kuma gudun igiyar rediyo, mita 299,792,458 a sakan, da wannan adadi. Tashar ZEVS ta Rasha, wadda ke kusa da Murmansk, tana aika saƙo ga jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku a kan haz 82. Idan aka yi rabon, za a sami kimanin mita 3,656,000. A matsar da ɗigo gida uku, ta zama kilomita 3,656. A ƙara matsarwa, ta zama megamita 3.656. Igiya ɗaya tak ke nan, amma tsawonta ya haura rabin tazarar da ke tsakanin doron ƙasa da tsakiyar duniya.

Akwai gajeriyar hanya da ta cancanci a haddace ta, kuma a ganina ita ce mafi amfani a wannan fanni baki ɗaya. Idan aka ɗauki gudun haske a matsayin kilomita 300,000 a sakan, lamba 300 ta wadatar: a raba 300 da megahaz (haz miliyan ɗaya) a sami mita, a raba ta da kilohaz (haz 1,000) a sami kilomita, a raba ta da haz a sami megamita. Tsohuwar tashar Grimeton ta ƙasar Suwidin, wadda ta fara aiki a 1924, tana kan kilohaz 17.2, don haka 300 a raba da 17.2 ya ba da kilomita 17.4. Zangon BBC na kilohaz 198 kuwa ya fito kilomita 1.5, ko mita 1,514 idan aka bi cikakken lissafi. Kuskuren da wannan hanya ke jawowa bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, saboda haka sai aikin da ke neman daidaito mai tsanani ne zai tilasta komawa ga cikakkiyar lambar.

Bayan an gama, yana da kyau a gwada amsar da wani tsawo sananne. Kewayen duniya a layin da ya raba ta arewa da kudu kusan kilomita 40,075 ne, wato megamita 40 da 'yan kai, kuma igiyar da tsawa ke haddasawa tsakanin ƙasa da saman sararin samaniya a kan haz 7.83 tana da zangon kusan megamita 38, daf da wannan kewaye. Duk wanda lissafinsa ya ba shi kilomita 38 a nan, to ya yar da sifili uku a hanya.

Wajen rubutu kuma a kula da harafi. Alamar megamita Mm ce da babban baƙi, ta milimita kuwa mm ce da ƙarami, alhali bambancin da ke tsakaninsu ninki biliyan ɗaya ne.

Sannan lambar nan ta 300 ta igiyoyin rediyo da na haske ce kaɗai, a sarari ko a iska. Sauti yana tafiyar mita 343 ne kacal a sakan cikin iska mai ɗumin digiri 20, don haka sautin haz ɗaya zangonsa mita 343 ne, wato kilomita 0.343. Matakan juyawa daga mita zuwa kilomita ba sa canzawa, gudun da ake rabawa ne ake sauyawa gwargwadon irin igiyar da abin da take ratsawa.