Yadda Ake Ratsa Tekun Ƙanƙara da Jirgin Ruwa

Shiri yana farawa ne tun jirgi yana tasha. Dokar da hukumar sufurin ruwa ta duniya ta kafa domin tekunan Aktik da Antatika, wato na ƙuryar arewa da ƙuryar kudancin duniya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2017, ta wajabta wa manyan jirage riƙe takardar shaidar irin ƙanƙarar da jikinsu zai iya jurewa. Sai kyaftin ya gwada wannan iyaka da taswirar ƙanƙara ta kwanan nan, wadda ake zanawa daga hotunan tauraron ɗan'adam, ya zaɓi hanya. Ya nisanci ƙanƙarar da ta shekara ba ta narke ba, domin gishirinta ya tsiyaye, ta fi sabuwa tauri nesa ba kusa ba.

Bayan an tashi, a bar na'urar auna zurfi a kunne dare da rana. Tana aika sauti zuwa ƙasan teku, ta lissafa zurfi daga lokacin da amon ya ɗauka kafin ya dawo, kasancewar sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa. Wannan ba ƙaramin mataki ba ne, saboda yawancin tekun Aktik ba a auna shi da kayan zamani ba, don haka yana da kyau a rubuta duk zurfin da aka samu tare da wurinsa, a miƙa wa masu gyara taswira. Kamfas na maganaɗisu kuwa yakan rikice a can, sai a riƙa tantance alkibla da GPS.

A kuma ɗora mutum a kan gadi, domin na'urar rada mai gano abubuwa daga nesa ba ta cika hango guntayen ƙanƙarar da ba su kai mita 1 a saman ruwa ba, alhali kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsu yana ɓoye. Farin haske a gindin gajimare alamar ƙanƙara ce a gaba, duhu kuma alamar buɗaɗɗen ruwa.

Idan an iso bakin ƙanƙarar, a rage gudu sosai, a tunkare ta da goshin jirgi kai tsaye, sannan a ƙara wa inji ƙarfi sannu a hankali. A ganina gaggawa ce ta fi ɓarna a nan. Jirgin Explorer ya nutse kusa da Antatika a Nuwamba 2007 bayan ƙanƙara ta huda shi. In hanya ta toshe, a miƙe allon juya jirgi sambal kafin a ja da baya, a sa ido kan farfela, in ya gagara a kira jirgin fasa ƙanƙara.