Wanda zai yi dashen ƙoda alhali mafitsararsa ba ta aiki: ga yadda ake bi

Jama'a in maganar dashen ƙoda ta taso, ko nan Asibitin Malam Aminu Kano da suka fara tun 2002 ko waje za a fita, ku fara tambayar likita lafiyar mafitsara kafin a kai ga maganar kuɗi. In mafitsara ta ƙanƙance ko ba ta juye fitsari duka, fitsarin yakan koma baya ya lalata sabuwar ƙodar, ga ɗan'uwa ya ba da tasa a banza.

Da farko a yi gwajin da ake cika mafitsarar da ruwa a ga nawa take ɗauka, da hoto. Wanda ya daɗe yana wankin ƙoda ba ya fitsari, tasa takan ƙanƙance amma sau da yawa tana buɗewa da kanta bayan dashe, kar a yi gaggawar yanka shi. Masu matsalar gaske su ne wanda aka haifa da toshewar hanyar fitsari ko ciwon laka, ko wanda tsargiya ta cinye masa ita.

Su ne ake yanko ɗan guntun hanji a faɗaɗa musu mafitsarar, yawanci kafin dashen. Bayan aikin yawanci da siririyar roba ake juye fitsarin. In saka robar ta gaba zai yi wuya, sai a yi mata hanya da afendis, ɗan reshen nan na jikin hanji, daga mafitsara ta fito wajen cibiya, aikin Mitrofanoff kenan, tun 1980 ake yinsa.

To aikin gida shi ne babba. Duk awa 3 zuwa 4 ka wanke hannu da sabulu, ka shafa wa robar man santsi, ka zura a hankali, ka jira sai fitsarin ya daina ɗiga tukun ka zare. Ko kana tsakiyar ciniki a kasuwar Kwari ne ka tashi, don mafitsarar da aka ƙara da hanji in ta cika maƙil tana iya fashewa. Hanjin kuma ba ya daina fitar da yauƙi, za ka ga fari-fari a fitsari, sai ana wankewa da sirinji da ruwan gishiri na asibiti yadda nas ta koya maka, in ba haka ba sai ya toshe robar ko ya zama tsakuwa.

Ka sha ruwa sosai, balle zafin watan Afrilu. Azumi kuma sai da izinin likita.

Zazzaɓi, ciwon mara, ko robar ta ƙi shiga, don Allah ban da kemis da jiƙe-jiƙe, magungunan dashe irinsu Tacrolimus sun riga sun rage garkuwar jiki, asibiti za ka nufa ko tsakar dare ne.