Yadda ake tara kuɗin cibiyar matasa a garin da ya rabu biyu, kamar Jos

A Jos, kafin mutum ya sa hannu a aljihu sai ya tambaye ka: wurin na su wa ne? Idan ba ka da amsar da za ta gamsar da mutumin Anguwan Rogo, inda Musulmi suka fi yawa, ta kuma gamsar da na Anguwan Rukuba, inda Kiristoci suka fi yawa, to ka dakata da maganar kuɗi tukuna. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, jama'a suka yi ta ƙaura, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Babbar kasuwar Terminus, inda kowa da kowa ke cuɗanya, ta ƙone a 2002. Yaron da aka haifa a shekarar rikicin farko yanzu ya haura ashirin, kuma mai yiwuwa bai taɓa zama a tsakar gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Talauci kuwa bai tambayi kowa ko ɗan ƙasa ne ko baƙo ba. Zaman kashe wando iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, masu sayar musu da tramol da sholisho ma haka.

Na yi wannan aiki da abokaina a wata unguwa ta kan iyaka, kuma abin da zan fi jaddadawa shi ne: wanda ya biya kuɗin gini, shi mutane za su ɗauka mai ginin. Don haka tun daga nairar farko dole kuɗin ya fito daga ɓangarorin biyu, kuma a gan shi yana fitowa.

Ku fara da mutane. Ku samu waɗanda unguwa ta yarda da su, ba sai masu kuɗi ko masu dogon turanci ba. Tsohuwar malamar firamare da ta koyar da rabin yaran unguwa, kocin da ke tara yara a fili da yamma, shugaban 'yan Keke Napep, mai kemis ɗin da ke ba da magani bashi. Idan shugaba Musulmi ne, ma'aji ya zama Kirista, ko akasin haka, kuma kada kuɗi ya fita daga banki sai da sa hannun su biyun. Ku sa mata a ciki da gaske, don su suka san wane yaro ne ya daina kwana a gida. Sannan ku je gaisuwa wurin masu unguwa, da limamai, da fastoci, a mako guda, kada wani ya ji labari a bakin wani ya ce an tsallake shi.

Sai wuri, kuma a nan na fi so ku daɗe. Fili mai araha a can cikin unguwa ɗaya ya fi fili mai tsada a bakin titi tsada, domin rabin yaran ba za su taka shi ba. Ku nemi inda uwa daga kowane ɓangare za ta yarda ɗanta ya je ya dawo bayan la'asar: kusa da babban titi, inda ake wucewa, mai hanyar shiga ta fuska biyu. Kada ya jingina da katangar masallaci ko ta coci, ko da kyauta aka ba ku. Wani dattijo ya yi mana tayin fili a bayan gidansa, da zuciya ɗaya, muka ƙi karɓa. Ya ce, "Yarana, kyauta kuke mayarwa?" Na ce, "Baba, ka sayar da shi ka taimaka mana da abin da ya sawwaƙa, ladanka na nan." Ya yi shiru, daga baya ya aiko da tifar yashi. Suna ma ku kula da shi. Kada ya yi kama da na Islamiyya, kada ya yi kama da na majami'a, kada ya ɗauki sunan wata ƙabila. Sunan titi ko na dutsen da ke kusa ya wadatar.

Takardu ba su da daɗi amma ba makawa. Ku yi rajista da hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu. Za a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin ya buɗe muku asusu da sunan ƙungiya. Kada ku taɓa karɓar gudummawa ta asusun mutum ɗaya, ko da waliyyi ne.

Yanzu kuɗin. Ku fara da ƙananan. Mutum biyu za su riƙa zagayawa, ɗaya daga nan ɗaya daga can, da littafin rasit mai kabon, shago shago, gareji gareji. Mai shayi ya ba da ɗari biyu, a rubuta masa rasit kamar yadda za a rubuta wa mai dubu ɗari. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo bulo biyar, birkila ya ba da yini guda, kafinta ya buga ƙofa. Ku sa ranar aikin gayya don haƙa harsashi, kuma ku haɗa yaran a layi ɗaya suna miƙa wa juna kwanon kankare. Wannan kuɗin ba zai kai ku rufi ba, na sani. Amfaninsa shi ne ranar da wani ya tashi ya ce wurin na su wane ne, mutum ɗari za su fito da rasit.

Wuraren ibada kowanne da ƙa'idarsa. A masallaci kada ku ce a ba ku zakka, domin malamai da yawa suna ganin ba a gini da ita, tunda Alƙur'ani ya ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba wa. Ku nemi sadaka mai gudana, ko waƙafi, kuma watan azumi ne lokacin da hannu ya fi sakewa. A coci ku roƙi fasto da dattawa su ware baiko na musamman a wata Lahadi, kuma kada ku tsallake zumuntar mata. Abin da matan nan ke tarawa da kaɗan kaɗan yakan ba maza kunya. Jos ce hedikwatar majami'un COCIN da ECWA, a nan kuma aka kafa Izala a 1978, saboda haka wasiƙar goyon baya daga manyan malamai, ko daga ƙungiyar Musulmi ta JNI da ta Kiristoci ta CAN na jiha, tana buɗe ƙofofi har wajen Filato. 'Yan Jos da suka koma Abuja, Kano, Bauchi ko Ingila suna nan da kewar garin. Ku buɗe musu zaure a WhatsApp, ku riƙa tura hoton aiki da hoton rasit duk mako.

Bikin ƙaddamar da gidauniya sai bango ya tashi ya kai taga. Mutane sun gaji da ba da kuɗi a kan zane. Ku sa shi ranar Asabar, ku kauce wa Juma'a da Lahadi. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya rufe. Abinci ya zama wanda kowa zai ci ba tare da tambayar wa ya yanka ba, kuma babu giya. Manyan masu ƙaddamarwa su zama biyu. Ku ajiye mai POS a bakin rumfa, domin alƙawarin da aka yi a lasifika ana tafi, da yawansa a nan yake kwana. Wanda ya ce buhu hamsin na siminti, ku gode masa, ku ba shi sunan shagon da zai biya, ku bi shi cikin makon.

'Yan siyasa za su zo, musamman idan zaɓe ya matso. Ku karɓa, haƙƙin jama'a ne, amma da sharaɗi a rubuce: ba sunansa a bango, ba fosta, ba taron jam'iyya a ciki. Kar ku manta rikicin 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya tashi. Ƙungiyoyin waje irin su Search for Common Ground da Mercy Corps sun yi aiki a Filato, akwai kuma hukumar samar da zaman lafiya ta jiha da aka kafa a 2016. A abin da na gani, irin waɗannan sun fi son biyan kuɗin horo da kayan aiki a kan bulo da kwano, don haka ku je musu bayan kun yi rufi, da lissafinku a hannu, ku nemi kekunan ɗinki, kwamfutoci da alawus na masu koyarwa.

Lissafin nan ku kafa shi a allo a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Duk wata a karanta shi a gaban jama'a. A garin da zargi ke saurin kama wuta, naira dubu biyar da ba a san inda ta shiga ba tana iya zama "sun cinye kuɗinmu", kuma "su" ɗin nan kowa ya san wa ake nufi.

Tun kafin a buɗe ku tanadi abin da zai riƙe wurin, don mai gadi da wuta da ruwa ba sa jiran gidauniya. Ku fitar da shago biyu ta fuskar titi ku ba da haya, ɗaya ga ɗan wannan ɓangare ɗaya ga ɗan wancan. Ku sa sola ku riƙa cajin waya, ku nuna ƙwallon Turai da yamma a kan kuɗi kaɗan, ku ba da hayar zauren don suna da biki. Kuɗin hayar shekarar farko ku ajiye shi a asusu daban, kada a taɓa shi sai don albashin mai gadi da gyaran abin da ya lalace.