Sauka da laima: yadda soja zai taɓa ƙasa bai karye ba

Mafi yawan raunin da sojan laima ke samu a horo, a daƙiƙar da ƙafa ta taɓa ƙasa yake zuwa. Laima mai siffar da'ira tana sauko da mutum da gudun mita 6 zuwa 7 a daƙiƙa, kamar ya diro daga katanga mai tsawon mita biyu ko fiye. In iska ta ƙaru, sai ta zama dirowa daga katangar da ke tafiya. Idon sawu ne ke fara shan wahala, sai gwiwa, sai ƙashin baya da kai.

Tun a ƙofar jirgi, a kula da igiyar da ke buɗe laima. In ta naɗe damtse, nauyin jiki na iya tsinka naman hannu. Miƙa ta ga mai kula da ƙofa, haɗe gwiwar hannu da jiki, haɓa a ƙirji, sannan ka fita. A tsarin Faransa, da an fita ana ƙirga 331, 332, 333 don a ba laima lokacin buɗewa, sai a ɗaga kai a duba ta. In igiyoyi sun murɗe, ja madaurin kafaɗa biyu waje, ka yi ta shura ƙafa kamar mai tuƙa keke har su warware. Wanda ke ƙasa da kai shi ke da hanya, domin in ka hau saman laimarsa za ta ƙwace maka iska.

Sai babban aikin. Ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a haɗe kuma a ɗan tanƙware, tafin ƙafa yana fuskantar ƙasa. Jiki zai sha bugun a wuri biyar, bi da bi: gaban tafin ƙafa, gefen ƙwauri, gefen cinya, ɗuwawu, sai gefen baya. Faɗuwa ce ta mirgine wadda ke raba nauyin, kada gaɓa ɗaya ta ɗauke shi duka. Kuskuren sabon shiga kullum iri ɗaya ne: yana kallon ƙasa tana taso masa, tsoro ya sa ya miƙa ƙafa ɗaya don ya tarbe ta. Wannan ƙafar ita ke karyewa. Wani kuma ya dafa da hannu, wuyan hannu ya tafi. Wanda ya sauka a diddige sai ya zauna daɓas, ƙeya ta bugi ƙasa, shi ya sa igiyar hular kwano take ɗaure tam. Wannan faɗuwar sai an maimaita ta a kan rairayi ɗaruruwan sau, gaba, baya, dama, hagu, har jiki ya yi ta ba da shawarar mai shi ba.

Iska da dare da kaya suna ƙara haɗari. Sojan Amurka ba ya horon tsalle in iskar ƙasa ta wuce kimanin kilomita 24 a awa. Jaka kuwa ana sakinta a igiyarta kafin a iso, ta riga mutum sauka. A Amurka kuma an gwada wani matokarin idon sawu da ake ɗaurawa bisa takalmi, ya rage raunin sawu da kusan rabi. A ganinmu bai kamata a raina shi ba.

Ƙasarmu ta Damagaram tana da nata sharuɗɗa. A bazara iska mai zafi ba ta da kauri, laima ta fi saurin sauka, don haka sassafe ya fi. Bujin hunturu yana ɓoye ƙasa, mutum ya kasa auna nisa. Fili kuma a taka shi da ƙafa kafin ranar: duwatsu, kututturen karan hatsi bayan girbi masu kaifi kamar tsinke, kunyoyin gona da suka bushe, ƙayar aduwa.

Da ka sauka, in iska ta fara jan ka, saki ɗaya daga maɓallan kafaɗa da ke haɗa laima da jikinka, laimar ta sace. Wanda ya bugi kai ya ji jiri ko amai, ko wanda ya kasa taka ƙafa, ya ga likita kafin a sake sa sunansa a jerin masu hawa jirgi.