Yadda Ake Turara Makankarin Teku Don Samun Romon Miya

Makankarin teku, wato halittar nan mai ɓawo biyu da ke binne kanta cikin yashin gaɓar ruwa, tana ɗauke da romonta a cikinta, kuma aikin mai girki shi ne ya fitar da wannan ruwa ba tare da ya tsinka shi ko ya bar yashi a ciki ba. A jihohin arewa maso gabashin Amurka, irin su Masacusets da Rod Ailan, da wannan romo ake kafa miyar da suke kira cawda, wadda wasu ke zuba wa madara, wasu tumatir, mutanen Rod Ailan kuwa suna barinta garau. Mazhabar Malikiyya ta halatta cin dukan dabbobin ruwa, Hanafiyya ce ta taƙaita a kan kifi.

Ba a sayen makankari sai mai rai. Wanda ɓawonsa ya fashe a jefar da shi, wanda kuma aka tarar bakinsa a buɗe a ɗan ƙwanƙwasa shi da cokali: in ya rufe sannu a hankali yana da rai, in bai motsa ba ya mutu. A tambayi mai sayarwa inda aka haƙo shi, domin akwai lokutan da wasu ƙananan tsirran teku ke yaɗuwa su zuba masa guba, kuma wannan guba wuta ba ta kashe ta komai daɗewar dahuwa. A gida a ajiye shi cikin kwano a firiji, a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ƙulle shi cikin leda yana shaƙe shi.

Yashi ne babban abin da ke ɓata wannan romo, saboda haka nan ya kamata a ba da lokaci. A goge kowane ɓawo da buroshi a ƙarƙashin ruwan sanyi, sannan a haɗa ruwan gishiri mai kama da na teku, wato kimanin giram 30 na gishiri a lita 1, a jiƙa su a ciki na awa ɗaya a wuri mai sanyi. Idan aka tsaya aka lura, za a ga suna ɗan buɗe baki suna miƙo wani siririn bututu suna feso ruwa, yashi kuma yana taruwa a gindin kwano. A tsamo su da hannu ɗaya bayan ɗaya, kada a juye kwanon a kansu, don yashin da suka fitar zai sake komawa jikinsu. Makankarin ruwan daɗi, irin wanda ake haƙowa a kogin Bolta wajen Ada da Sogakope a Gana, shi da ruwa zalla ake jiƙa shi, kuma romonsa ba ya zuwa da gishiri.

A samu tukunya mai faɗi da murfin da ke rufewa ruf. Ga kilo 2 na makankari, kofi 2 na ruwa sun isa, kuma a ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne cika tukunya da ruwa, wanda ke mayar da romo salam. A jefa rabin albasa, tafarnuwa biyu da aka daddaka da ganyen seleri in akwai. Kada a sa gishiri ko kaɗan, domin ruwan da ke cikin ɓawon na teku ne. Sai ruwa ya tafasa sosai za a zuba makankarin a rufe. Ƙanana sukan buɗe cikin minti 5 zuwa 8, manya kuwa suna kaiwa minti 10 ko fiye, kuma manyan sun fi ba da romo mai ƙarfi duk da naman nasu ya fi tauri. Wanda ya buɗe a cire shi zuwa wani kwano, saboda daɗewa a wuta yana sa naman ya zama kamar roba. Wanda ya ƙi buɗewa bayan sauran sun gama a zubar da shi.

A sauke tukunya a bar ta minti 10 yashi ya kwanta, sannan a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya a tsiyaye romon a hankali, a bar guntun ƙarshe a gindin tukunya. Ruwan da ya taru a kwanon da aka ajiye dafaffun shi ma a tace shi a haɗa, don shi ne ya fi ɗanɗano. Romon zai fito da ɗan duhun toka-toka da ƙanshin teku. A ɗanɗana, in gishiri ya yi yawa a sassauta da ruwa.

Wajen haɗa miya, a soya albasa da man shanu a maimakon kitsen alade da Amurkawa suka saba sawa, a zuba romo da yankakken dankalin Turawa har ya nuna, sannan a mayar da naman da aka yayyanka ya tafasa minti 3 zuwa 5 domin kashe ƙwayoyin cuta. Romon da ya rage yana kwana biyu a firiji, in an daskarar da shi kuma yakan kai wata uku.